Yadda Za A Sayi Hannun Jarin Nvidia Ba Tare da An Taɓa Kuɗin Taki Ba

Duk wanda ya taɓa ajiye albasa a Aliero ko shinkafa shanshera a Argungu yana jiran farashi ya tashi, ya riga ya san rabin abin da ake bukata kafin a zuba kuɗi a hannun jarin Nvidia, kamfanin Amurka da aka kafa a 1993, wanda ke tsara ƙwayoyin na'ura masu sarrafa hoto da ake kira GPU. Da farko masu wasannin kwamfuta ne manyan masu sayensu, amma yanzu ƙwayoyin ne ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira, wato AI.

Matakin farko shi ne mutum ya san irin dokin da zai hau. A ƙarshen 2018 farashin hannun jarin ya zube da kusan rabi bayan kasuwar kirifto ta karye, domin masu haƙar kuɗin intanet sun daina sayen na'urorin. A 2022 ya sake faɗuwa da kusan rabi. Ranar 27 ga Janairun 2025 kuwa ya sauka da kusan kashi 17 cikin ɗari a yini guda, saboda labarin DeepSeek, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasar Sin da ta sa aka ji tsoron bukatar na'urorin Nvidia za ta ragu, amma zuwa Yulin shekarar darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 4.

Saboda haka, kada a sa kuɗin da ke da ranar aiki. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi. Wani ƙanena a Jega ya ɗauki kuɗin takin damina ya sayi hannun jarin a Janairun 2025, yana cewa, "Yaya, kafin ruwa ya sauka zan ninka su." A Afrilu farashin ya gangaro ƙasa da dala 100, ga gyaran gona ya matso, dole ya sayar da asara, kuma bayan watanni uku farashin ya wuce inda ya saya. Zaɓinsa bai yi muni ba. Kuɗin ne ba su da damar jira. Kuɗin makaranta, na haya, na adashe da na bashi duk haka suke. Abin da ya dace shi ne rarar da mutum zai iya mantawa da ita shekara biyar.

Sayen kansa ba shi da wuya. Akwai manhajojin waya irin su Bamboo da Trove da ke ba 'yan Nijeriya damar shiga kasuwar Amurka. Ana bukatar BVN da katin shaida, sai a sa naira a canza ta zuwa dala, a nemi alamar NVDA, wato gajeren sunan Nvidia a kasuwar, kuma ana iya sayen gutsuren hannun jari ba sai cikakke ba. Kafin a tura ko sisi, a duba rajistar dillalin a shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Nijeriya, a kuma kwatanta kuɗin canji da na dillanci. Duk wanda ya yi alkawarin riba tsayayya kowane wata a WhatsApp da sunan Nvidia, a guje shi, domin mutanenmu ba su manta da MMM ta 2016 ba.

Daga nan sai a raba kuɗin, a riƙa saye kaɗan-kaɗan a ƙayyadaddiyar rana kowane wata, ko farashi ya hau ko ya sauka, kamar yadda ɗan kasuwa mai hankali ba ya cika rumbunsa a cin kasuwa ɗaya. A kuma rubuta iyaka tun kafin a fara, misali kada kamfani ɗaya ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da aka ajiye. Idan ya wuce saboda tashin farashi, sai a rage.

Abin lura shi ne rahoton ribar kamfanin da ke fitowa sau huɗu a shekara, galibi a Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, domin a lokacin farashi ya fi tsalle. Sannan kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera masa yawancin na'urorin, kuma tun Oktoban 2022 Amurka ke taƙaita sayar da mafi ƙarfinsu ga ƙasar Sin, don haka siyasa tana taɓa aljihun mai jari kai tsaye. Haka ma canji: idan naira ta ƙara daraja, ribar dala tana raguwa a hannu.

Ribar da kamfanin ke rabawa masu jari ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ana cire harajin kashi 30 cikin ɗari kafin ta iso, saboda haka ba abin dogaro ba ce. Game da halaccin wannan jari da yadda ake fitar masa da zakka, a je wurin malamin da ya san fiƙihun kasuwanci, a kai masa bayanin sana'ar kamfanin da yawan bashin da ke kansa, tun kafin a danna maɓallin saye.