Babi na 6: Wardi Mai Hawa Bango

Darasi na 1: Ku san shi

Sunansa Zéphirine Drouhin. Kada sunan ya razana ku, ku ce "Zefirin" kawai. Wani mai renon furanni a Faransa, Bizot, shi ya samar da shi a 1868. Furensa ruwan hoda ne mai duhu, ga ƙamshi. Ba shi da ƙaya, ko yaro zai shafa reshensa lafiya. Yakan kai mita 3 ko fiye, yana kuma jure ɗan inuwa.

Darasi na 2: Dasawa

Ku auna kamu ɗaya, wato santimita 45, daga jikin bango, don ƙasar gindin bango busasshiya ce. Ku haƙa rami, ku cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ku sa dashen, ku danne, ku ba shi ruwa ya ƙoshi.

Darasi na 3: Ɗaure rassa

Nan ne ɗalibai ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Wardi ba ya kama bango da kansa, sai an ɗaure shi. Ku ja waya a jikin bango, a kwance. A kwance, kamar igiyar shanya.

Ku kamo dogon reshe tun yana ɗanye, ku lanƙwasa shi a hankali ya kwanta a kan wayar, ku ɗaure da tsumma. Kada ku matse. Ku bar wurin da yatsa zai shiga.

Me ya sa? Reshen da ya miƙe tsaye, can ƙololuwa kaɗai yake fure, ƙasa kuwa tsirara. Wanda aka kwantar, idanunsa sai su yi ta fitar da toho, toho ya yi fure.

Ku sake karantawa. Reshe a kwance. Idan bai yi daidai ba yau, ba komai, ku kwance tsumman ku sake.

Amma jama'a, sau nawa zan faɗa? Na ga wanda ya gyaɗa kai a aji, ya koma ya tattara rassa duka ya ɗaure su tsaye kamar damin kara, sannan ya dawo yana cewa irin ne ba kyau. Irin lafiyarsa lau. A kwance!

Darasi na 4: Ban ruwa

A gindi, ba a ganye ba. Wannan irin yana saurin kamuwa da farar fumfuna da baƙin ɗigo. Ganyen da ya kamu, ku tsinke ku ƙone.

Darasi na 5: Datsa

Shekara 2 na farko, busasshen reshe kawai za ku cire.

Darasi na 6

Furen da ya yanƙwane, ku yanke shi.