Babi na 7: Littafin Cajin Mota Mai Lantarki

Darasi na 1: Shirya littafi

Wannan babi na direbobi ne da masu motar da ake yi wa caji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 motocin nan suka fara shiga hannun 'yan haya, har gwamnatin Borno ta zuba tasi masu lantarki a Maiduguri a ƙarshen shekarar 2023. Mai motar fetur da lita yake lissafi. Ku kuwa da yunit za ku yi, yunit ɗin nan dai da kuke saya a mitar gida. A jikin na'urar caji haruffa uku ne ke nuna shi: kWh. Duk inda kuka ga kWh, ku ce yunit.

Kowa ya nemi littafi mai layi da biro da rula. Ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, shafin zai rabu gida biyar. A saman gidajen, daga hagu zuwa dama, ku rubuta: Rana, Kilomita, Ragowar caji, Yunit, Kuɗi. In rubutun ya karkace ba komai, wanda zai karanta shi ai ku ne. Littafin ya zauna a cikin mota, ba a gida ba.

Darasi na 2: Lambar kilomita

Ku natsu a nan, don a nan ne kusan kowa ke tuntuɓe.

A allon da ke gaban direba akwai lambobi biyu, kowacce da haruffan km a bayanta. Ɗaya doguwa ce, sau da yawa da haruffan ODO kusa da ita. Ita ce jimillar tafiyar da motar ta yi tun da aka ƙera ta. Kullum ƙaruwa take, ba ta komawa baya. Ɗayar gajeriya ce, galibi kusa da hoton batir. Wannan hasashe ne kawai motar ke yi na nisan da ragowar caji zai kai ku. Tana raguwa in kuna tafiya, ta ƙaru in kun yi caji.

Doguwar za ku rubuta. Doguwar, ba gajeriyar ba.

Yaushe? Kafin ku jona wayar caji a jikin mota. Kun tsaya, kun ja birki, ku ɗauki biro, ku kwafe doguwar lamba a gida na 2, sannan ku fito. In kuka ce sai an gama caji, hira za ta ɗauke hankalinku ku manta.

Ku gwada kanku. Lambar yau ta fi ta jiya? Madalla, kun yi daidai. Ta yi ƙasa da ta jiya? To gajeriyar kuka kwafa. Ku ja mata layi, ku koma ku duba. Babu abin kunya, lambobin sun yi kama.

Amma 'yan uwa, wanda aka nuna masa sau uku ya sake kawo min 180 a gidan kilomita, wannan ba rashin karatu ba ne, gaggawa ce. Wasu kuma sai dare su zauna su rubuta daga ka. Lambar da aka ƙirƙira ba ta da amfani, gara a bar gidan ba komai. Ku sake faɗa tare: doguwar lamba, kafin jona waya.

A gida na 3 ku rubuta lambar da ke da alamar %, ita ce ragowar caji. Ku riƙa cire waya a lamba ɗaya kullum, misali 80, don lissafin ya fita daidai. In an gama, ku kwafe yunit daga na'urar caji zuwa gida na 4, kuɗin da kuka biya a gida na 5.

Darasi na 3: Lissafi

Ga misali. Ran Litinin doguwar lamba 12,340 ce. Ran Talata ta zama 12,460. Ku ɗebe ƙaramar daga babbar, saura 120. Kilomita 120 ke nan kuka yi. (Wanda ya kwafi gajeriya, ga inda zai maƙale.)

Ran Talata mota ta sha yunit 18. Ku raba 18 da 120, ku ninka da 100, za ku sami 15. Wato yunit 15 take ci a kowace kilomita 100. Ƙaramar mota takan ci tsakanin 13 da 18. Ku yi da na'urar lissafi ta waya, ba laifi ba ne.

A ce kun biya naira 3,780. Ku raba da 120: naira 31 da rabi kowace kilomita. Da wannan za ku san ko kuɗin haya ya biya ku.

Darasi na 4: Wutar da ba ta shiga batir ba

Batir mai ɗaukar yunit 40, daga 30% zuwa 80% rabinsa ne, yunit 20. Amma mitar na'urar caji za ta iya nuna 22 ko 23. Ba cutar ku aka yi ba, wani ɓangaren yakan zama zafi a waya da na'ura. Ta mita za ku rubuta, ita kuke biya.

Darasi na 5: Duba baya

Ƙarshen mako ku kwatanta. In 15 ta haura 19, ku duba iskar taya, gudu, lodi da na'urar sanyaya mota. In ta ƙi sauka, ku kai wa makaniki har da littafin.

Aikin gida: layi bakwai cikakku, a kawo ran Asabar.