Kula da 'Yan Tsaki a Lokacin Hunturu

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya cika, wajen mako 4 zuwa 6. Shi ya sa a Katsina da Daura, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba kan kashe tsaki tun kafin wata cuta ta taɓa su.

A makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. In babu ma'aunin zafi, ku dubi zamansu. Idan sun cunkushe a gindin kaskon gawayin da ake ɗumama su da shi suna kuka mai kaifi, sanyi suke ji, kuma na ƙasa kan mutu da danniya. Idan sun manne da bango, baki buɗe, fukafukai a saɓule, zafi ya yi yawa. Taruwa a kusurwa guda kuwa iska ce ke shigowa ta wata kafa, a nemo ta a toshe da buhu. Gawayin a hura shi a waje har ya zama garwashi kafin a shigo da shi, a kuma bar 'yar kafa ta sama, don iskarsa na kisa ko da ba a ga hayaƙi ba.

A shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa ko dusar katako mai kauri, kada a bar su kan siminti ko leda, ƙafafunsu kan baje. A jefa tsakuwa cikin mazubin ruwa kada su faɗa su jiƙe. Duk safiya a duba bayansu: kashi kan bushe ya toshe dubura. A jiƙa da ruwan ɗumi a goge a hankali, kada a fizge.

Daga mako 3 zuwa 6 ne kashin jini ya fi tasowa, kuma jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke hayayyafa ƙwayarsa. Tsako zai takure, gashi a tashe, ya daina ci. A kwashe inda ya jiƙe nan take, a ba da amprolium a ruwa yadda takardar maganin ta nuna.

Cutar da ta fi ɓarna ita ce annobar Niyukasul: koren zawo, numfashi da kyar, murɗewar wuya. Ba ta da magani, kafso ɗin mutane da ake buɗe musu asarar kuɗi ce kawai. Rigakafi ne mafita, Lasota ko I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, a maimaita duk wata 3 zuwa 4, musamman kafin hunturu ya kankama. Ranar da za a ba su, a hana su ruwa kamar awa 1, a dama rigakafin da ruwan rijiya marar kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), su shanye cikin awa 2 a inuwa. Kwalba guda ta yi wa kajin gida ɗaya yawa, sai maƙwabta su haɗa kai. Ranakun rigakafin Gumboro, cutar da ke raunana garkuwar jikin tsaki, kuma a tsara su da likitan dabbobi.

Caccakar juna daga cunkoso take zuwa, ko haske mai yawa, ko abinci marar gina jiki irin dusa zalla. Wanda aka fitar wa jini a ware shi, don jan jinin ne ke jawo sauran. Kazar da aka sayo daga kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi kuma a killace ta mako 2 kafin ta shiga cikin na gida.