Kurakuran da masu iyali ke tafkawa wajen zaɓen ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa

Kuskuren da ya fi cin mutane, kuma ba a fasa maimaita shi ba, shi ne sayen ɗakin da kamfanoni ke kira garanti. Ya fi araha, shi ya sa maigida ke saurin kai masa hannu. Amma abin da ka biya rukunin ɗaki ne kawai, kamfani ne zai zaɓa maka lamba, wani lokaci sai saura kwanaki kaɗan a tashi. Ga ango da amarya babu laifi. Ga mai iyalin da zai kama ɗaki biyu kuwa ganganci ne. Sai ka tarar uwa da ƙananan yara suna bene na 9 ta goshin jirgi, kai da samari kuna bene na 12 ta baya, a jirgin da tsawonsa ya haura mita 300. Yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare, wa zai yi wannan zirga-zirgar? Har wurin taruwa idan an buga ƙararrawar gaggawa yana iya bambanta, domin da lambar ɗaki ake raba shi. Ranar da aka shiga jirgi a Basalona ko Dubai kuwa, da wuya a canza maka, galibi ɗakuna sun cika.

Maganinsa ka zaɓi lamba da kanka. Kuma ka bambance ɗakuna maƙwabta da ɗakuna masu ƙofa a tsakani. Maƙwabta bango kawai suka haɗa, sai an fita hanyar da ke tsakanin ɗakuna an ƙwanƙwasa. Masu ƙofa a tsakani kaɗan ne a kowane jirgi, suna da alamarsu a taswirar benaye, kuma su ake fara kwashewa a lokacin hutun makaranta. A kama su tun da watanni, a sa dillali ya rubuto lambobin biyu a takardar shaida. "Zan haɗa ku kusa" ba magana ba ce.

Na biyu, cusa mutum huɗu a ɗaki ɗaya don mutum na uku da na huɗu sun fi sauƙin kuɗi. Ɗakin ciki marar taga bai cika wuce murabba'in mita 15 zuwa 17 ba. Gadajen ƙarin daga rufi ko bango ake sauko da su, da tsani, kuma ba na yaron da bai kai shekara 6 ba ne. Banɗaki ɗaya ne, ɗan tsukuku. Ku lissafa alwalar asuba ta mutum huɗu, da inda za a shimfiɗa darduma bayan an sauke gadaje. Idan akwai budurwa da saurayi a cikin 'ya'yan ma, maganar ta ƙare, ɗaki biyu ne. Ni a ganina ɗakunan ciki biyu masu ƙofa a tsakani sun fi ɗaki ɗaya mai baranda nesa ba kusa ba.

Jariri ma mutum ne a lissafin jirgi, saboda kujerun kwale-kwalen ceto. Ɗakin mutum huɗu ba ya ɗaukar biyar. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai cika wata 6 ba, ko mai cikin da ta shiga mako na 24.

Kafin ka biya, duba abin da ke samanka da ƙasanka a taswira. Ƙarƙashin wurin ninƙaya ko wurin cin abinci, tun asuba ake jan kujeru. Saman zauren kiɗa, ba barci sai tsakar dare. Ɗakin da ke da ɗakunan kwana sama da ƙasa shi ne na kirki.

Mai saurin jiri da amai a ba shi tsakiyar jirgi a benen ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Hajiya mai ciwon gwiwa a sa ta kusa da lif. Idan an ce ɗaki mai taga an yi masa rangwame, tambayi ko kwale-kwalen ceto ne ya tare tagar. Mai ƙananan yara da ya nace sai baranda, ya janye kujeru daga jikin shinge, ya kulle ƙofar da sakatar sama duk lokacin da babba ba ya wurin.