Darasi na Tara: Ma'anonin Charge da Bill

Kalmomin Turanci biyu da mai koyo zai riƙa cin karo da su a takardun banki, na asibiti da na kamfanin wutar lantarki su ne charge da bill. Kowacce tana da ma'ana fiye da ɗaya, kamar yadda baki a Hausa kan zama na mutum, na kogi ko na wuƙa, saboda haka ba a fassara ɗayarsu sai an duba kalmomin da ke kewaye da ita.

Charge ce ta fi yawan rassa, kuma Hausa ta daɗe da aro ta, muna cewa caji. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, inda take nufin ɗora kaya, kuma wanda ya riƙe wannan asali ba zai sha wahalar sauran ba. Cajin waya shi ne ɗura wa batir wuta. Idan banki ya cire kuɗin saƙon da yake turo maka, ladan aiki ne ya ɗora maka. A wurin 'yan sanda kuwa tuhuma ce ake ɗora wa mutum, daga nan muka samu caji ofis. Ma'aikaciyar jinyar da aka ce ita ce in charge, ita aka ɗora wa nauyin ɗakin marasa lafiya, kuma ita ake nema idan likita ba ya nan. Free of charge kyauta ke nan, don haka wanda ya ga an rubuta shi a bango kada ya ba kowa ko sisi.

Bill galibi takarda ce: ta kuɗin wuta, ta ƙudurin da ke gaban majalisa kafin ya zama doka, ko takardar dala a bakin mutanen Amurka. Akwai kuma bill mai nufin bakin tsuntsu, amma wannan wata kalma ce dabam da rubutunsu ya zo ɗaya.

Wajen biyan kuɗi ne kalmomin biyu suke haɗuwa. Bill ita ce takardar gaba ɗaya, charges kuma su ne kuɗaɗen da aka jera a cikinta layi-layi, na magani dabam, na gado dabam, kuma ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a miƙa kuɗi a karɓi rasit.

Aikin gida: kowa ya zo da tsohuwar takardar biyan kuɗi, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin nan biyu, sannan ya faɗa wa aji ma'anar da kowacce ta ɗauka a wurin.