Yadda Za Ka Tantance Mai Ba Da Shawarar Rage Haraji Kafin Ka Sa Hannu

Neman rage haraji ta hanyar da doka ta yarda da ita ba laifi ba ne, sai dai iyakar da ke tsakaninsa da zambar haraji siririya ce, kuma sau da yawa mai ba da shawara ne ke tsallakar da mutum tun bai ankara ba. Rayuwar Hanno Berger, lauyan haraji ɗan ƙasar Jamus, ta nuna inda ya kamata a sa ido.

Da farko, kada tarihin aikin mutum ya rufe maka ido. Berger ya yi shekaru yana jami'in haraji a jihar Hesse, yana binciken littattafan bankuna, kafin ya ajiye aikin gwamnati ya koma ba attajirai shawara. Wanda ya san ciki da bai na hukuma haka yakan samu amincewa nan take, alhali sanin doka daban, kiyaye ta daban.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: daga ina ribar za ta fito? Dabarar da Berger ya shahara da ita, wadda ake kira cum-ex, ta ginu ne a kan juya hannayen jari tsakanin masu saye da sayarwa dab da ranar rabon riba, ta yadda harajin da aka biya sau ɗaya za a nemi gwamnati ta mayar da shi sau biyu ko fiye. Ba a ƙera komai ba, ba a bunƙasa wata sana'a ba, kuɗin daga baitulmali kawai suke fitowa. Saboda haka ka buƙaci mai ba ka shawara ya ɗauki takarda da biro, ya cire ribar haraji daga lissafin, ya nuna maka abin da ya rage. Idan babu komai, ko kuma ya fara kame-kame yana cewa abin ya fi ƙarfin fahimtarka, to da walakin goro a miya.

Haka kuma, rubutaccen ra'ayin lauya ba hukuncin kotu ba ne. Berger ya daɗe yana dagewa cewa doka ta halatta dabarar, amma a watan Yulin 2021 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukuncin cewa zambar haraji ce. Shi kuwa tun a 2012, lokacin da aka binciki ofishinsa, ya tsere zuwa Suwizalan, har aka miƙa shi ga Jamus a watan Fabrairun 2022. A Disambar shekarar wata kotu a Bonn ta ɗaure shi shekara 8, sannan a 2023 wata kotun a Wiesbaden ta yanke masa shekara 8 da wata 3. Don haka ka kai takardun ga wani lauya na daban wanda ba shi da kaso a cinikin.

Ka kuma binciki yadda ake biyansa, domin wanda ladansa ke ƙaruwa gwargwadon harajin da ya kauce maka ba zai so ya ce maka ka dakata ba. Daga nan ka tambaye shi ko ya yarda a bayyana wa hukumar haraji tsarin gaba ɗaya kafin a aiwatar, ka nemi amsar a rubuce, ka adana ta tare da duk wasiƙun da kuka yi musaya, tunda sunanka da sa hannunka ne za su kasance a kan takardar harajin.