Yadda ake bin shirin kwamfuta da biro da takarda

Mai fara koyon rubuta manhaja a Kaduna, ko a Poly yake ko a KASU ko a gida da wayarsa, yakan ɓata makonni yana tambayar yaren kwamfutar da zai kama. An fitar da C a 1972, Python a 1991, JavaScript a 1995, amma ginshiƙansu ɗaya ne: mazubin ajiye ƙima, sharaɗi, maimaici (wato umarnin da ake ta maimaitawa zagaye-zagaye), da aikin da aka raɗa wa suna don a riƙa kiransa. Abin da ya fi saurin zaunar da waɗannan a kai shi ne bin shiri layi-layi a takarda, kuma wannan ba ya jiran a kawo wuta.

Ɗauki mai shago a Kasuwar Barci da ya yi ciniki huɗu: naira 1,500, 700, 3,200 da 450. Yana son jimlar kuɗin, da adadin cinikin da ya haura 1,000. Ka ja layuka a tsaye ka raba takarda gida huɗu, ka rubuta a samansu: gurbi (matsayin ciniki a jeri), ciniki, jimla, manya (adadin cinikin da ya haura 1,000). A layin farko ka sa sifili ƙarƙashin jimla da manya. Duk zagaye ɗaya na maimaici ka buɗe sabon layi. Kada ka goge tsohuwar ƙima, ka rubuta sabuwa a ƙarƙashinta, domin tsohuwar ce za ta nuna maka inda lissafi ya karkace.

A gurbi na 0, jimla ta zama 1,500, manya 1. A gurbi na 1, jimla 2,200, manya ba ta motsa ba. A na 2, jimla 5,400, manya 2. A na 3, jimla 5,850, aka tsaya.

Lura da cewa daga sifili aka fara ƙirga gurbi, haka yarukan nan uku suke yi, don haka jeri mai abu huɗu a gurbi na 3 yake ƙarewa. Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. In maimaicinka ya zarce zuwa gurbi na 4, Python za ta tsaya ta nuna saƙon kuskure na IndexError. JavaScript ba za ta tsaya ba, sai dai ka ga jimlarka ta koma NaN, wato "ba lamba ba". Ita kuwa C tana iya kwaso duk abin da ta tarar a wannan wuri na ƙwaƙwalwar kwamfuta ta haɗa maka a lissafi ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan ya fi haɗari, tunda amsar za ta iya yin kama da ta gaskiya.

In ka sa layin da ke mai da jimla sifili a cikin maimaici maimakon kafinsa, amsarka za ta fito 450, wato cinikin ƙarshe kaɗai. A takarda nan take za ka gan shi.

Sai batun nau'in ƙima. Abin da mutum ya buga a madannai, rubutu ne a wurin kwamfuta. Haɗa "1500" da "700" a Python ko JavaScript zai ba ka "1500700". Ka fara juya shi zuwa lamba da int a Python ko Number a JavaScript. Kuɗi kuma a ajiye shi da kobo: naira 1,500 da kobo 50 a rubuta 150050. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma 0.1 ba ta zauna daidai a wannan tsari, shi ya sa 0.1 da 0.2 suke ba da 0.30000000000000004. Ɗan wannan bambanci ya isa ya sa shiri ya ce kuɗi biyu ba daidai suke ba alhali daidai suke. Rabawa ma akwai tarko: 7 / 2 a C 3 ne, a Python na yanzu kuma 3.5 ne.

Kafin ka yarda da shirinka, gwada shi a bakin iyaka. Cinikin 1,000 cif, yana cikin manya ko a'a? Alamar > za ta bar shi, >= za ta ƙirga shi, kuma mai shagon ne zai faɗa maka wanda yake nufi. Ranar da ba a yi ciniki ba fa? Jimla sifili ce, amma in ka ƙara lissafin matsakaici za ka raba da sifili.

Daga nan ka tattara lissafin cikin aiki guda mai suna, wanda yake karɓar jeri ya dawo da jimla da manya. Rubuta shi a Python, ka sake rubuta shi a JavaScript, ka ba kowanne lambobin nan huɗu. Wanda bai dawo da 5,850 da 2 ba, ka sa ya buga jimla a kowane zagaye, ka kwatanta da takardarka har ka kai layin farko da suka saɓa.